Kusurwoyi maƙwabta: daga ambaliyar Masar zuwa fadamar Haɗejiya

1/ Zaren yau na tarihi ne, amma tarihin wata 'yar ƙa'idar lissafi da kusan dukkanmu muka haddace a ƙaramar sakandare muka watsar: kusurwoyi biyu maƙwabta a kan miƙaƙƙen layi, jimillarsu digiri 180 ce. Wa ya fara rubuta ta? Ta ina ta biyo ta iso mu? Me ya haɗa ta da fadamar Haɗejiya? Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Mu fara tuna abin da kansa. Ana kiran kusurwoyi biyu maƙwabta idan sun cika sharaɗi uku: tsininsu ɗaya ne, akwai layi ɗaya da suka yi tarayya a kansa, kuma babu wadda ta hau kan 'yar'uwarta. Kamar gidaje biyu ne da katanga ɗaya ta raba. Katangar ta kowa ce, amma tsakar gida kowa da nasa.

3/ Abin lura a nan: maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da 180. Sai ka duba layukan waje guda biyu. In sun haɗu sun zama miƙaƙƙen layi, jimilla 180. In sun yi kwana irin ta bulo, jimilla 90. In kusurwoyin sun kewaye ɗigo ɗaya gaba ɗaya, jimilla 360. A nan ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki a WAEC da NECO.

4/ Misali. Hanyar gona ta fito ta haɗu da miƙaƙƙen titi. Ka auna kusurwar hannun dama ka samu 125. Ba sai ka auna ta hagu ba: 180 a cire 125, saura 55. Shi ke nan fa. Ka san ɗaya, ka san ɗayar. Wannan ɗan abin da ke kama da wasan yara ya haura shekara 2,000 a rubuce.

5/ To mu koma tarihi. Kalmar jiyometiri daga Girkanci take, ma'anarta awon ƙasa. Ƙasa dai ta noma, wadda ake faɗa a kanta. Masanin tarihin Girka Hirodotus, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin Annabi Isa (AS), ya ce a ganinsa a Masar wannan ilimi ya samo asali, kuma ambaliya ce ta haife shi.

6/ Bayaninsa shi ne, sarkin Masar ya raba wa mutane gonaki yana karɓar haraji duk shekara. In kogin Nilu ya cinye wani yanki na gonar mutum, sai ya kai kuka. Sarki ya turo masu awo su duba nawa ta ragu, a rage masa haraji daidai gwargwado. Masu awon nan da igiya suke aiki, har zanensu yana nan a bangon kaburburan Masar.

7/ Duk Bahaɗeje da ya karanta wannan ba sai an yi masa fassara ba. Kogin Haɗejiya na cika ya malala fadama, daga Auyo zuwa Kiri Kasamma da Guri. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda ruwa ke shafe kunya da jinga. In ruwa ya janye, tambayar farko ita ce ta mutanen Masar: ina iyakata take?

8/ Amma awon igiya yana da rami. Igiya tsawo kawai take aunawa, ba ruwanta da kusurwa. A bangon haikalin Edfu da ke kudancin Masar akwai jerin gonaki da awon gefunansu huɗu. Hanyarsu ita ce a ɗauki matsakaicin tsawo a ninka da matsakaicin faɗi. Wannan lissafi yana fita daidai ne kawai in duk kwanonin gonar 90 ne. In ba haka ba, ƙara wa gonar girma yake a takarda.

9/ Mu gwada da lamba. Gona mai tsawon taki 100, faɗin gefe taki 60. Ka ninka, 6,000. To amma a ce gonar a karkace take, kusurwa ɗaya 60, ta kusa da ita 120. Ainihin filin bai wuce 5,196 ba. An rubuta maka kusan 800 da babu su a ƙasa, wajen kashi 13 cikin 100. In haraji ne ka biya na iska. In saye ne an sayar maka da iska.

10/ Ku riƙe wannan misali, za mu dawo kansa. Yanzu wata tambaya: me ya sa 360? Me ya sa ba 100 ba? Wannan gadon mutanen Babila ne, a ƙasar Iraƙi ta yau. Su da sittin-sittin suke ƙidaya, kuma masu duban taurarinsu ne suka kasa hanyar rana a sararin sama kashi 360.

11/ Lambar 360 tana da daɗin rabo. Ta rabu 2, 3, 4, 5, 6, 8, 9, 10, 12 ba tare da saura ba. Rabinta 180, shi ne miƙaƙƙen layi. Rubu'inta 90. Daga wannan gida minti 60 da daƙiƙa 60 na agogon wayarka suka fito. Kullum kana amfani da lissafin Babila ba ka sani ba.

12/ Wanda ya zauna ya rubuta ƙa'idar kusurwoyi maƙwabta da hujja shi ne Uƙlidis, kamar yadda Larabawa ke kiransa. Ya koyar a birnin Iskandariya na Masar wajen shekara 300 kafin Annabi Isa (AS). Littafinsa juzu'i 13 ne, Larabawa suka sa masa suna Kitabul Usul. Ƙa'idar tamu ita ce mas'ala ta 13 a juzu'i na farko.

13/ Abin mamaki, Uƙlidis bai ambaci 180 ba sam, don bai yi aiki da digiri ba. Ma'auninsa shi ne tsayayyiyar kusurwa, wato irin ta kwanar bulo. Abin da ya tabbatar shi ne: in layi ya tsaya a kan wani miƙaƙƙen layi, kusurwoyi biyun da ya haifar daidai suke da tsayayyu guda biyu, ko ya miƙe ko ya jingina.

14/ Ku kwatanta da ƙyauren ɗaki. Kana turawa, kusurwar gefe ɗaya na ƙaruwa, ta ɗaya gefen na raguwa daidai da abin da waccan ta ƙaru. Babu abin da ya ɓace, babu abin da ya shigo. Abin da maƙwabciya ta ci, daga jikin maƙwabciyarta ta ci. Duk hujjar ke nan a taƙaice.

15/ Kar ku raina allura, ita ma ƙarfe ce. A kan mas'ala ta 13 ya gina ta 15, cewa in layi biyu suka gitta juna kusurwoyin da ke kallon juna daidai suke. Da ita kuma ya rufe ta 32, cewa kusurwoyi uku na alwatika in an haɗa 180 ne. Aikin safiyo kaf a kan alwatika ya dogara.

16/ Ta ina littafin ya tsira har ya iso zamaninmu? Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ta Bagadaza ce. A zamanin Halifa Haruna Rashid, Hajjaj bin Yusuf bin Maɗar ya fassara shi zuwa Larabci. Ba Hajjaj gwamnan Iraƙi da kuka sani a tarihi ba, wannan wani ne daban. Daga baya Ishaƙ bin Hunain ya sake fassarawa, Sabit bin Ƙurra ya gyara.

17/ A Bagadazar dai, wajen shekarar 820, Khawarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta fito daga sunansa, kuma wani babban sashe na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Shi ya sa in aka ba ka kusurwoyi maƙwabta 3x + 10 da 2x − 5 a kan layi, sai ka haɗa: 5x + 5 = 180, x = 35, kusurwoyin 115 da 65. Tambayar ta Iskandariya, hanyar warwarewa ta Bagadaza.

18/ Turawan Yamma daga Larabci suka fara samun cikakken littafin. Wani Bature ɗan Ingila, Adelard na garin Bath, ya juya shi zuwa Latin wajen 1120. An fara buga shi da injin ɗab'i a Venis a 1482. Saboda haka mai cewa wannan karatun Nasara ne zalla, a tuna masa ta hannun wa Nasaran suka karɓa.

19/ Me ya sa malaman Musulunci suka damu da kusurwa haka? Babban dalili: alƙibla. A 1025 Albairuni ya kammala littafi guda a kan tantance wuraren garuruwa da nisan da ke tsakaninsu, kuma cikin manufofinsa akwai fitar da alƙiblar birnin Gazna da ke Afganistan. Alƙibla kuwa kusurwa ce tsakanin layin arewa da layin da ya nufi Ka'aba.

20/ Mu kawo shi gida. A Hausa mun saba cewa a fuskanci gabas, har kalmar gabas ta zama kamar sunan alƙibla. Amma in ka yi lissafi daga Haɗejiya, Makka tana wajen digiri 68 ne daga arewa in ka juyo ta hannun dama. Gabas sak kuwa 90 ce. To 90 a cire 68, saura 22.

21/ Ma'ana daga gabas sak sai ka ɗan karkata hagu, wajen arewa, da kimanin digiri 22. Ga kusurwoyi maƙwabta nan a kan dardumarka: 68 da 22 sun ba da 90. In ka auna daga kudu, 180 a cire 68, 112. Hukuncin wanda ya ɗan kauce yana nesa da Makka na malamai ne, a tambaye su. Ni lissafin kawai na kawo.

22/ Ga wata dabara ba sai da kamfas ba. Sau biyu a shekara rana kan tsaya saitin Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu wajen 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli wajen 10:27. Kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili a lokacin. Layin da ya taso daga ƙarshen inuwar zuwa gindin sandar, shi ne ya nufi alƙibla.

23/ Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba wajen lissafi. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkatsinawi ya tashi daga Katsina ya yi aikin Hajji, ya rubuta littafi a kan jadawalin lambobi irin na hatimi a 1732. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, masanin falaki, mahaifin marubucin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti.

24/ Magina kuma sun san kusurwa da hannu, ko da ba su kira ta da lamba ba. Azara gajeriya ce, ba ta iya ratsa babban ɗaki. Sai magini ya gitta ta a kwanar ɗaki ta yanke lungu, ya ɗora wata a kai, har rata ta ƙanƙance. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 ya isa shaida.

25/ Yanzu ga inda labarin ke ɗaci. Ran 14 ga Yuni 1898, a birnin Faris, Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ƙasashenmu. Ku lura da shekarar. Ba su ci Kano da Sakkwato ba sai 1903. Sun raba ƙasar da ba su ma mallaka ba tukuna, da kayan zane a kan tebur.

26/ Yadda suka yi: aka kafa tsinin abin zana da'ira a tsakiyar birnin Sakkwato, aka buɗe shi mil 100, aka zana baka ta arewa. Daga nan iyaka ta bi miƙaƙƙun layuka, ta yi gabas, ta karya kwana ta yi kudu, ta sake yin gabas. Wani dogon sashe, mil 250, ya bi ta kimanin kilomita 100 arewa da Haɗejiya.

27/ Layin bai san rijiya ba, bai san kasuwa ba, bai san dangi ba. Faransawa da kansu suka dawo suna kuka, don bakan Sakkwato ya tura hanyarsu ta zuwa Damagaram cikin busasshiyar ƙasa marar ruwa. Aka sake zama a 1904, aka sake a watan Mayun 1906, aka sauko da iyakar kudu a wurare da dama.

28/ Ku haɗa kwanakin. A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka afka wa Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya rasu a fagen daga tare da jama'arsa masu yawa. Wata guda bayan haka, a Landan, ake sa hannu kan inda iyakar arewacinmu za ta bi. Nan ana binne mamata, can ana gyara layi.

29/ Daga 1906 zuwa 1908 tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi, ta kafa alamomi 148. Ita ce iyakar Najeriya da Nijar har gobe, wadda kuke gani a Maigatari. 'Yan'uwa ɗaya, wannan ya tashi da Turanci, wancan da Faransanci.

30/ To ina kusurwoyi maƙwabta a nan? Su ne cikin aikin. Mai safiyo yana tafiya a kan layi, ya iso alama, ya karya kwana. Yawan juyawar da ya yi kusurwa ce, wadda ta rage a cikin fili ita ce maƙwabciyarta, jimillarsu 180. In ya kewaye fili ya dawo inda ya fara, juye-juyensa duka dole su ba da 360. In ba su kai ba, akwai kuskure a awon.

31/ Kuma kuskuren digiri ɗaya ba wasa ba ne. A layi mai tsawon mita 100, digiri ɗaya na kautar da ƙarshensa da kusan mita 1.75. A kilomita ɗaya, mita 17 da rabi. A kilomita 100, kusan kilomita biyu. Wato ƙauye sukutum na iya kwana a wata ƙasa saboda abin da ido ba ya ma gani a takarda.

32/ Bayan cin ƙasa sai haraji. A ƙasar Kano Turawa sun kawo tsarin taki, inda malaman taki ke bin gonaki suna auna su da sawu, a yanka haraji bisa girman gona. Ku tuna misalinmu na 6,000 da 5,196. Sawu, kamar igiya, tsawo yake aunawa. Manomin da bai san lissafi ba kuwa ba shi da bakin musu, abin da aka rubuta shi zai biya.

33/ Kun ga yadda abin ya zagayo? Daga Masar zuwa Kano, mai riƙe da ma'auni shi ke faɗin girman gonarka, kai kuma ka ce to. Wannan shi ne darasin da na gani a tarihin nan. Ilimin kusurwa tun asalinsa maganar haƙƙi ce: wa ke da ina, kuma nawa zai biya.

34/ Yau ma haka ne. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, yanayin cikar kogin Haɗejiya ya sauya. Ga aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a yankin Auyo, da manyan magudanai da rassansu. Duk reshen da ya ɓalle daga miƙaƙƙiyar magudana, kusurwoyi biyu maƙwabta ya haifar, kuma wani ne ya zauna ya lissafa su.

35/ Ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin da ake noma ya koma tafki, wani ya bushe. Fadama ta yi daraja saboda shinkafa da alkama, jama'a na ƙaruwa, gonar gado ana ta yanka ta ƙanana. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Taku biyu a bakin iyaka ya isa ya raba zumuncin shekara hamsin.

36/ Shi ya sa in an ba ka takardar safiyo ta fili ko gona, kar ka ninke ta ka jefa ƙarƙashin katifa. Lambobin da ke jikin kowane gefe iri biyu ne: tsawo a mita, da kusurwa daga layin arewa a digiri da minti. Mai takardar sakandare ya isa ya duba ko sun yi daidai da abin da ke ƙasa. Da su ake dawo da iyaka ko ruwa ya tafi da alama.

37/ 'Yan'uwa ɗalibai na Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejiya, da Jami'ar Tarayya ta Dutse: masu safiyo da injiniyoyin ruwa da yankin nan ke buƙata daga cikinmu ya kamata su fito. An taɓa auna mana ƙasa ba mu a wurin. Bai kamata a maimaita ba.

38/ In ƙaninka ya dawo daga makaranta yana cewa wannan lissafin me zai amfane shi, kar ka yi masa tsawa. Ja shi bakin titi, nuna masa inda lungu ya haɗu da kwalta, ka ce in wannan gefen 125 ne, ɗayan nawa? Sannan ka ba shi labarin da'irar Sakkwato.

39/ Ga aikin gida kafin mu rabu. Iyakar gona ta haɗu da miƙaƙƙiyar jinga, ta haifar da kusurwoyi biyu maƙwabta. Ɗaya ta ninka ɗayar sau huɗu. Nawa ce kowacce? Ku ajiye amsa a ƙasa tare da yadda kuka yi, ban da leƙen ta wani. 😄

40/ Nan zan tsaya. In zaren ya amfane ka, tura wa mai shirin jarrabawa ko mai shirin sayen fili. Allah Ya kiyaye mana fadamarmu daga ambaliya, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabta, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.